Giya, tumbi da takardar tambayoyi: me ya sa binciken abinci ke yawan sauya magana?

A watan Maris na 2010 wata mujallar likitanci ta Amurka ta fitar da sakamakon da ya karaɗe jaridun duniya. Masu bincike a birnin Boston sun bi mata 19,220 na tsawon shekara kusan 13, dukansu ma'aikatan lafiya, kuma babu mai ƙiba a cikinsu lokacin da aka fara. Da aka zo lissafi, sai aka ga waɗanda ba sa shan barasa ko kaɗan sun ƙara kimanin kilo 3.6, su kuwa masu shan giram 30 ko fiye a rana abin da suka ƙara kimanin kilo ɗaya da rabi ne kawai. Jaridu suka ɗauka da zafinsa: wai kofin giyar inabi yana hana mace teɓa.

Irin waɗannan labarai suna damuna ƙwarai, domin na san yadda suke ƙarewa idan sun iso hannun jama'a. Wani ya karɓa hannu bibbiyu, wani kuma ya yi tsaki ya ce ai likitoci ba su da tsayayyar magana, yau ƙwai guba ne, gobe magani. Na biyun ya fi tsoratar da ni, don shi ne ke watsar da shawarar likita gaba ɗaya ranar da aka ce masa sukarinsa ya hau. Alhali alƙaluman matan Boston ba ƙarya ba ne. Abin dubawa shi ne hanyar da aka bi aka samo su, da irin tambayar da wannan hanya za ta iya amsawa.

Mu fara da abin da babu gardama a kansa. Giram ɗaya na barasa yana ɗauke da kalori 7 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na kitse 9, na sukari da sauran masu sitaci 4. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 tana kai kalori 250. Jiki kuma ba shi da rumbun ajiye barasa yadda yake ajiye kitse a ƙarƙashin fata ko sukari a hanta, saboda haka da zarar ta shiga sai hanta ta ajiye sauran ayyuka ta fuskance ta. A 1992, a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, an kulle samari takwas a ɗakin da ke auna iskar da mutum ke shaƙa da wadda yake fitarwa, aka ba su barasa tare da abinci. Ƙona kitse a jikinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wani gwajin da aka yi a Kalifoniya a 1999 ya ƙara haske: ita kanta barasar, abin da ke komawa kitse daga cikinta bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Aikinta shi ne tare hanya. Maiƙon tsiren da aka ci da ita, da farfesun kayan ciki, da soyayyar gyaɗa, su ne ke jira a layi, kuma abin da ya daɗe yana jira ajiye shi ake yi. Ga shi kuma tana buɗe ciki tana rage wa mutum birki, sai ya ci abin da da a natse yake ba zai ci ba.

To in haka ne, ta yaya masu sha suka fi marasa sha rama a takarda?

Amsa ta farko tana cikin ma'aunin kansa. Mafi yawan manyan binciken abinci ba a kicin ake yin su ba, a takardar tambayoyi ake yi. Ana tambayar mutum sau nawa ya ci kaza a shekarar da ta wuce, ko kuma me ya shiga bakinsa tun jiya da safe. A ƙaddara ma'aikaciyar bincike ce ta yi sallama a wani gida da biro a hannu.

"Hajiya, jiya da dare me kika ci?"

"Tuwon shinkafa ne, 'yar nan, da miyar taushe."

"Malmala nawa?"

"Ai ni da jikokina muka sa hannu a kwano ɗaya. Ban ci da yawa ba."

Ba ƙarya Hajiya ta yi ba. Sai dai ba ta ambaci naman da ta ɗanɗana a bakin murhu ba, da ragowar kunun yaro da ta shanye don kada a zubar, da lemon da aka ba ta a gidan suna, domin a wurinta waɗannan ba "cin abinci" ba ne. Wannan hali na ɗan Adam ne a ko'ina, kuma an auna girmansa. Akwai wani ruwa na musamman da ake ba mutum ya sha, a riƙa gwada fitsarinsa na mako ɗaya zuwa biyu, daga nan a gane ainihin kalorin da jikinsa ke ƙonawa ba tare da an tambaye shi komai ba. Tun 1982 ake amfani da shi a kan mutane. A 1992 likitoci a Niyok suka gwada shi a kan wasu masu ƙiba da suka rantse ba sa wuce kalori 1,200 a rana amma jikinsu ya ƙi raguwa. Sai aka tarar sun rage abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari a bakinsu, sun kuma ƙara wa motsa jikinsu kashi 51. Mutanen nan da gaske suka yi imani da abin da suka faɗa.

Idan tuwo ma haka, ina ga abin da ake jin kunyarsa? A ƙasashe da dama, idan aka haɗa barasar da mutane suka ce sun sha aka kwatanta da wadda aka sayar a kasuwa, abin da suka amsa yakan tsaya tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ragowar ta shige cikin wani cikin da bai faɗa ba. Wanda ya rubuta "kofi ɗaya" ƙila uku ne, wanda ya rubuta "ba na sha" ƙila ya daina ne bara.

Wannan na ƙarshen shi ne ramin da binciken barasa ya daɗe a ciki. A 1988 wani likita ɗan asalin Afirka ta Kudu mai aiki a Landan, Gerald Shaper, tare da abokan aikinsa, suka duba maza sama da 7,000 daga garuruwa 24 na Birtaniya. Suka lura cewa rukunin "marasa sha" cike yake da mutanen da suka taɓa sha suka bari saboda ciwo: wannan hawan jini, wancan ciwon sukari, wani zuciya, wani kuma likita ne ya ce ya rage jiki. Idan ka zuba marasa lafiya a kwando ɗaya ka kira su marasa sha, dole wanda ke kurɓar kofi ɗaya ya fito kamar ƙarfe. Lafiyarsa ce ta ba shi damar ci gaba da sha, sai lissafi ya juya maganar ya ce shan ne ya ba shi lafiya. A 2023 wasu masana a Kanada suka tattara bincike 107 da suka ƙunshi mutane fiye da miliyan 4.8, suka gyara irin waɗannan kurakurai, sai fa'idar tsawon rai da ake jingina wa "sha daidai wa daida" ta ɓace.

Akwai kuma batun waye mai shan. Macen da ke shan kofin inabi ɗaya da abincin dare a Amurka galibi mai ilimi ce, mai albashi, mai likita, mai lokacin atisaye. Masu binciken Boston da kansu sun lura cewa matan da ke sha suna rage cin wasu abubuwa, musamman masu sitaci, wato suna musanya ne, ba ƙari suke yi ba. Maza ba kasafai suke yin haka ba, su ɗorawa suke yi a kan abin da suka saba ci. Shi ya sa da Shaper da abokiyar aikinsa Goya Wannamethee suka koma kan bayanan mazan Birtaniya da aka bi shekara biyar, rahoton da suka fitar a 2003 ya nuna cewa masu shan giram 30 ko fiye a rana sun fi kowa ƙara nauyi, ko wace irin barasa suke sha. Adadi ɗaya, giram 30, sakamako biyu masu karo da juna. Masana lissafi suna ƙoƙarin cire tasirin kuɗi da ilimi da sigari da motsa jiki, amma abin da ka auna kaɗai kake iya cirewa, kuma ba a auna rayuwar mutum duka.

Hanyar da ta fi burge ni wajen warware wannan ƙulli ta fito ne daga gado. Akwai mutanen da aka haifa da wani bambanci a ƙwayoyin halittarsu wanda ke sa barasa ta dame su: fuska ta yi ja, zuciya ta buga, tashin zuciya ya biyo baya. Irin waɗannan ba sa sha sosai, kuma ba talauci ko ciwo ko tarbiyya ce ta hana su ba, rabo ne tun daga ciki. Ka ga ke nan halitta da kanta ta raba mutane kamar da ƙuri'a, wasu masu sha sosai, wasu marasa sha sosai. A 2014 aka haɗa bayanan Turawa 261,991, aka ga masu wannan gado sun fi sauran ƙarancin nauyi, ƙugunsu ya fi siranta, jininsu ya fi sauka, ciwon zuciya ya fi ƙaranci a cikinsu, har a tsakanin masu shan kaɗan. A 2019 aka yi makamancinsa a ƙasar Sin, cikin wani bincike mai mutane sama da rabin miliyan. Tambayar baki ta nuna masu sha kaɗan sun fi tsira daga shanyewar ɓarin jiki, amma da aka bi ta gado sai aka ga haɗarin yana hawa ne tun daga ƙasa, babu wani lungun tsira. Abin da ya ƙara wa hujjar nauyi shi ne matan ƙasar, waɗanda kusan ba sa sha: a jikinsu wannan gado bai sauya hawan jini ko shanyewar jiki ba. Ke nan ba ƙwayar halittar ce ke yin aikin da kanta ba, barasar ce.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A Isra'ila an taɓa raba masu ciwon sukari 224 ta hanyar ƙuri'a, wasu ruwa, wasu ƙaramin kofin inabi kowane dare har shekara biyu, kuma sakamakon da ya fito a 2015 bai nuna bambancin ƙiba a tsakaninsu ba. Haka shi ma "tumbin giya": binciken da aka yi a Jamus a 2009 ya nuna giya na faɗaɗa ƙugun maza, amma tare da sauran jiki take faɗaɗa shi, ba ta da wata hanya ta musamman zuwa ciki. Namiji dama a ciki yake tara kitse, ko da fura ya tara shi. Saboda haka a kan ƙiba kaɗai, hujja mai ƙarfi tana kan sha mai yawa da shan ƙare-kuka na dare ɗaya. Illar ƙaramin sha a wani wurin take fitowa. Tun 1988 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 sanadiyyarta.

Babban gwajin da aka so ya raba gardama, kuɗi ne ya kashe shi. Cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun shirya ɗaukar mutane 7,800 a kan dala miliyan 100, rabi su sha kofi ɗaya kullum, rabi su ƙaurace. Sai ta bayyana cewa kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin daga manyan kamfanonin barasa zai fito, kuma jami'ai sun yi ta zawarcin kamfanonin tun kafin a fara. A watan Yunin 2018 aka soke shi. A ganina an yi daidai, domin kura ba ta zama alƙalin shari'ar akuya. Kuma ba yau farau ba: takardun da aka tono a 2016 sun nuna masana'antar sukari ta biya wasu masanan Jami'ar Habad a shekarun 1960 don rubuta nazarin da ya sassauta wa sukari ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse.

Duk da haka, wanda ya ce binciken abinci shaci-faɗi ne bai yi adalci ba. Inda aka daina tambaya aka koma awo, amsa takan fito sarai. A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike na Bethesda da ke Amurka har kwana 28. Mako biyu ana ba su abincin masana'anta, irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma dafaffen abinci daga ɗanyen kaya. An daidaita sukari da maiƙo da kalorin da ake ajiye musu a tire, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi, ana auna duk abin da ya rage. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya ɓangaren suka sauke kusan kilo ɗaya. Ba su ce wancan ya fi daɗi ba, sai dai sun fi saurin haɗiye shi. Mutum 20 ba yawa ba ne, wata ɗaya kuma ba rayuwa ba ce, amma a nan babu "ban ci da yawa ba".

Wani ƙaramin gwaji na shekarar 2000 a Jami'ar Purdue shi ne ya fi kusa da abin da nake son mai karatu ya riƙe. An ba mutum 15 ƙarin kalori 450 kullum, wata ɗaya a matsayin alewa, wata ɗaya a matsayin lemon kwalba. Lokacin alewa, sun rage sauran abincinsu da kansu ba tare da an ce su rage ba. Lokacin lemo ba su rage komai ba, nauyinsu ya ƙaru. Ciki ba ya lissafa abin da aka kwankwaɗa yadda yake lissafa abin da aka tauna. Ta wannan ƙofar giya ke shiga, kuma ba ita kaɗai ke bin ƙofar ba.

A nan ne maganar ta zo gida. Akasarin masu karanta wannan rubutu ba sa shan barasa, addini ya hana, kuma wannan kariya ce babba ga hanta da jini. Amma hanta tana da wata hanyar lalacewa. A 1980 likitoci a asibitin Mayo na Amurka suka bayyana marasa lafiya 20 da hantarsu ta yi kitse ta kumbura tamkar ta mashayi, alhali ba sa sha. Yawancinsu mata ne masu ƙiba, da dama da ciwon sukari. Kafin nan, irin waɗannan bayin Allah sukan sha zargi a gaban likita cewa ɓoye shansu suke yi. Yau wannan ciwo na cikin cututtukan hanta mafi yawa a duniya. Robar lemo mai santilita 50, irin mai sukari giram 10 a kowace mililita 100, tana ɗauke da giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kalori 200. Ba ta da nisa da kwalbar giya a lissafin kalori, kuma ita kaɗai ta cinye iyakar sukarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata wa baligi a yini guda tun 2015. Ita ce ake tarbar baƙo da ita, ita ce a biki, ita ce a buɗa-baki, kuma babu mai jin nauyin shan ta biyu.

Ƙiba kuwa ta daina zama ciwon Turawa. A 2022 baligai biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce ƙima a duniya, miliyan 890 daga cikinsu masu ƙiba sosai. A Najeriya, ƙidayar lafiya ta 2018 ta samu kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kashi 12 kuma suna da rama. Sau da yawa a unguwa ɗaya ake samun duka biyun, wani lokaci a gida ɗaya, uwa da teɓa, yaro da tamowa. Har yanzu kuma idan amarya ta cika ta batse cewa ake yi miji ya iya kiwo, idan magidanci ya ajiye tumbi a ce kuɗi sun zauna. Masu cewa rashin aikin ƙarfi ne kaɗai sanadi su ma akwai abin da zai ba su mamaki. Masana daga Jami'ar Loyola ta Chicago sun yi amfani da ruwan awon nan sun kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen matan Amurka. Na Amurka sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma da aka yi la'akari da girman jiki, kalorin da ɓangarorin biyu ke ƙonawa ta motsi bai bambanta sosai ba. Motsa jiki yana da amfaninsa ga zuciya da sukari, wannan tabbas ne, sai dai bambancin nauyin ya fi karkata ga abin da ke cikin kwano.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin awo a wajenmu. Tsakanin binciken cin abinci na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2001 zuwa 2003 da wanda ya biyo bayansa a 2021, shekara kusan ashirin ce, kuma a cikinta ne taliyar leda da lemon roba da barasar leda suka shiga kowane lungu. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, da yunƙurin NAFDAC na hana barasar leda a 2024, duk matakai ne da ke buƙatar alƙaluman gida kafin a san ko sun yi aiki. Tambayar barasa kuma ta fi wuya a nan fiye da Boston: a garin da sha ke jawo zubewar mutunci, har da hukunci a wasu jihohin, mutum nawa ne zai dubi baƙo mai takarda ya amsa? Burukutu da bammi da ake sha a ƙwarya ba su da lamba a jiki da za ta faɗi ƙarfinsu.

Haka abin yake a teburin mai shayi. Tsaya ka kalli hannunsa da safe: cokali uku na sukari, wani lokaci huɗu, madarar gwangwani a kai, garin koko, sannan a ɗaga kofi sama a yi ta juyawa har ya yi kumfa, ga burodi an shafe shi da bota. Wanda ya sha wannan, in ma'aikaciyar bincike ta tare shi da rana ta ce, "Malam, me ka karya da shi?", cewa zai yi, "Ɗan ruwan zafi kawai na sha," ita kuma abin da za ta rubuta ke nan.